Muhawara: A shigo da dara da gem cikin laburare, ko a bar wa masu karatu wurinsu?

Malam Garba (mai kula da zaure): Assalamu alaikum. Ga maganar da aka turo daga wani ɗakin karatu na unguwa a nan cikin garin Bauchi. Suna da ɗaki ɗaya da babu komai a ciki sai tsofaffin jaridu, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 5, taga biyu, kuma sun samu ɗan tallafi. Kwamitinsu ya rabu gida biyu. Wasu na cewa a mayar da shi ɗakin wasanni, a sa dara da daraf da Scrabble, wato wasan haɗa kalmomi da haruffa, har da na'urar gem in kuɗi ya kai, don yara su riƙa shigowa. Wasu na cewa a ƙaro kujeru da littattafan jarrabawa a huta. Shawara mai aiki suke so: me za a saya, guda nawa, wa zai kula, me ke saurin lalacewa. Bismillah.

Hajiya Asabe: Wa alaikumus salam, Malam Garba. Ni ina tare da masu cewa a ƙaro kujeru, kuma zan faɗi dalili. Daga Afrilu zuwa Yuli kowane laburare a jihar nan cike yake da masu shirin JAMB da WAEC da NECO. Yaron da gidansu babu wurin da zai zauna shiru, nan kaɗai yake da shi. Ka kawo yara ashirin masu ihun an ci ƙwallo a bayan bangonsa, ka zalunce shi. Sannan gidajen gem ai ba su yi ƙaranci ba, daga Wunti har Yelwa. Me laburare zai ba yaro wanda waɗancan ba su ba shi ba? In babu amsa, a bar maganar.

Koci Yakubu: Hajiya, tambayarki ita ce tambayar, bari in ɗauke ta daga ƙarshe. A gidan gem na unguwa yaro biya yake yi, babu mai duba ko wasan ya dace da shekarunsa, manya da yara a cakuɗe, kuma sau da yawa akwai 'yan kallo da ke ajiye kuɗi a kan wanda zai ci. Yarinya kuwa ba ta ma isa ta leƙa ba. Laburare zai ba da wasa kyauta, da babba a zaune yana kallo, da lokacin tashi, ba caca, ga kantar littafi a kusa da gwiwar yaro. Bambancin ke nan.

Abin kuma ba sabo ba ne. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fara ware ranar wasanni a laburare tun 2008, a watan Nuwamba, daga baya wasu ƙasashe suka shigo ciki. A nan gida, Wellington Jighere ya ci gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Tunde Onakoya kuma da wasan ces, na allo mai sarki da dawakai, yake jawo yaran unguwannin talakawa na Legas zuwa karatu tun 2018.

Amma kada kwamiti ya je wa iyaye da alkawarin da ba zai cika ba. Ana yawan cewa ces na ƙara wa yaro ƙwaƙwalwar lissafi. An gwada wannan a Ingila, a makarantun firamare 100, yara kusan 4,000, aka koya wa rabinsu ces na awa 30. Rahoton ya fito a 2016, kuma ba a ga wani bambanci a sakamakon lissafinsu ba. Saboda haka wanda ya ce dara za ta sa ɗanka ya ci lissafi, ya faɗi son ransa. Abin da wasa ke yi tabbas shi ne ya shigo da yaron da ba zai taɓa tako ƙofar laburare da kansa ba, ya koya masa zama wuri ɗaya minti talatin, da bin doka, da jiran layi, da shan kaye ba tare da dambe ba. Sauran aikin na ma'aikatan laburare ne.

Hajiya Asabe: To na ji daɗi da ba ka zo da tallan magani ba. Hayaniyar fa?

Malam Garba: Wannan da tsarin lokaci ake maganinta, Hajiya. Yaran nan ma ba kullum suke da sarari ba. Boko da safe, Islamiyya da yamma daga Asabar zuwa Laraba a yawancin unguwanni. Abin da ya rage shi ne yammacin Alhamis, da Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai dogon hutun watan Agusta. Zama biyu a mako, kowanne awa biyu, ya wadatar a farko. A lokacin jarrabawa kuma a rufe talabijin gaba ɗaya, a bar wasannin allo kawai, ƙofa a rufe. A sa labule mai kauri a tagar da ke kallon zauren karatu, a shimfiɗa tabarma ko tsohuwar darduma, a manna guntun roba a ƙafar kujeru. Rabin ƙarar da ke damun mai karatu daga jan kujera a kan siminti take fitowa.

Ɗaki mai mita 6 da 5 zai ɗauki tebur 5 masu kujeru huɗu-huɗu, yara 20 ke nan, a bar kusurwa ɗaya ga talabijin. Kada a wuce 24 a zama ɗaya, kuma manya biyu: ɗaya a bakin ƙofa da rajista, ɗaya yana zagayawa. Mutum ɗaya ba zai iya ba, da ya juya raba gardama a tebur ɗaya, na biyu ya kaure.

Ustaz Auwal: Assalamu alaikum. Kafin a kai ga katako da waya, akwai abin da in ba a warware shi ba, iyaye za su janye 'ya'yansu cikin mako biyu. Mutanenmu almajiran Risala ne, kuma Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara a cikinta cewa wasa da nardu da shaɗaranji bai halatta ba. Nardu shi ne wasan da ake jefa dayis. Hadisin da ya yi hani da shi yana cikin Sahihu Muslim, lafazinsa kuma mai tsanani ne, don haka da yawan malamai suke sa lido a wannan babin. Shaɗaranji, wato ces, a nan ne aka yi saɓani. Imam Malik ya ƙi shi. Shafi'awa sun tafi a kan karhanci, da sharaɗin babu kuɗi a tsakani, bai shagaltar daga sallah ba, babu zagi da rantse-rantse. Hujjarsu ita ce shi a kan tunani da lissafi yake tafiya, nardu kuwa a kan sa'a.

Shawarata ga kwamiti guda huɗu ce. A cire duk abin da ke da dayis. A cire karta, har da Whot, ko da ba kuɗi, saboda sunan da ta riga ta yi a gari. Da an kira sallah a tashi, wasa ya tsaya inda yake. Sannan a kira limamin unguwa da iyaye tun kafin a buɗe, a ajiye kayan a gabansu, a rubuta takardar amincewa da uba ko uwa za su sa wa hannu, a jera wasannin a ciki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yarda da dara bai yarda da ces ba, ya yi alama, a mutunta.

Koci Yakubu: Allah ya gafarta Malam, ban da ja a kan lido. Ko ta fuskar koyarwa ma ita ce mafi ƙarancin amfani, kuma ita ta fi kawo rigima, don wanda aka ci yakan ce an murɗe dayis. Gasa fa? Yara na son kyauta.

Ustaz Auwal: Kada a karɓi ko sisi a hannun yaro da sunan kuɗin shiga gasa, don da zarar an tara kuɗin 'yan wasa an ba wanda ya ci, an faɗa caca. Abin da ya fi kuɓuta shi ne takardar shaida ga waɗanda suka yi fice, sannan littafi da biro ga duk wanda ya kammala gasar, daga aljihun laburare ko wani mai taimako.

Baba Ɗanjuma Kafinta: Salamu alaikum 'ya'yana. Kada a sayi allon kwali na kasuwa, damina ɗaya zai yi ya kumbura ya ɓare. A sayi filawud guda, mai kaurin rabin inci. Faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. A yanka shi murabba'i, 40 da 40. Uku a faɗi, shida a tsawo, allo 18 ke nan daga katako ɗaya.

Na zaɓi 40 ne saboda ta dace da duka wasannin. Daraf gida 10 sau 10 ne, kowane gida santimita 4, ya cika 40 cif. Ces gida 8 sau 8, kowane gida santimita 5, shi ma 40. Dara gida 30 ce, layi 5 da layi 6, a ba kowane gida santimita 6, za a samu sarari a gefe na ajiye 'ya'yan da aka ci. Kowane allo fuska biyu gare shi, sai a zana dara a gaba, daraf ko ces a baya.

Yadda ake yi: a goge da samfefa, musamman bakin, kada sartse ya shiga hannun yaro. A shafa farin fenti na mai, a bari ya kwana. A ja layi da fensir, a manna tef na takarda a gefen gidajen da za a baƙanta, a shafa baƙi, a cire tef ɗin tun fentin bai gama bushewa ba, in ya bushe tare zai ɗago shi. Daga nan banish shafi biyu, har da bakin katakon, domin ta nan danshi ke shiga ya buɗe shi falle-falle. Wajen ajiya a kwantar da su a kan kanta, kada a jingina da bango, jingina ke sa allo ya lanƙwashe, ƙasa kuma gara na jira.

'Ya'ya kuwa murfin robar lemo ya isa, faɗinsa wajen santimita 3, yana zama daidai a gidan daraf. Kala biyu. Dara 12 da 12, daraf 20 da 20. A haɗa kowane saiti a jakar yadi mai zariya, a rubuta lamba a jikin jakar da jikin allon. Na ces kaɗai za a saya, na roba, saiti 4 sun isa.

Malama Rukayya (daga Gombe): Sannu da ƙoƙari, Baba. Ƙarin da zan yi a kan ɓatan 'ya'ya ne, don shi ke kashe irin wannan shiri a hankali ba a lura ba. Daraf in ɗa ya ɓata, murfi ne, a tsinto wani. Scrabble kuwa ƙwaya 100 ne, ko ɗaya ya ɓata lissafin wasan ya canja. Allonsa gida 15 sau 15 ne, don haka idan an tashi a jera ƙwayoyin a kusurwa, 10 sau 10. In akwai giɓi ido zai gani nan take, tun yaran ba su fita ba. Minti biyu ne. A ba yaro ɗaya a kowane tebur wannan aikin, sunansa a rajista.

Sai kuma abin da na fi so kwamitin ya yi tunani a kai: Scrabble na Hausa. Saitin Turanci ba ya yi mana. E goma sha biyu ne a ciki, A tara, K ɗaya tak, ga Q da V da X da ba ma amfani da su, babu ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya ƙirƙiri wasan, Alfred Butts, ƙirga haruffan shafin jarida ya yi ya gane wanne ya fi yawa. Yara za su iya yin haka da kansu. A ba su shafin jaridar Hausa, a raba musu sakin layi, kowa ya ƙirga sau nawa kowane harafi ya fito, a tara a allo, a mayar da shi kashi cikin ɗari. Abin da ya fito shi ne yawan ƙwayoyin kowane harafi. Za su ga a ya yi wa saura fintinkau, mai yawa ya samu maki ɗaya, mai wuyar samu kamar ɓ ya samu maki babba. Baba ya yanka mana ƙwayoyin daga ragowar katako, santimita 2 da 2. Kwamiti ya yanke tun farko ko sh da ts ƙwaya ɗaya ne ko biyu, haka ma 'y.

Alƙalin wasa kuma ƙamus ne. A ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, a kan tebur. Duk wanda ya ce kalmar abokinsa babu ita, shi zai buɗe ya duba. Yaron da ko an roƙe shi ba zai buɗe ƙamus ba, a nan da gudu zai buɗe don kada a cuce shi maki. Hajiya, ga hanyar da wasa ke kai hannu ga littafi.

Hajiya Asabe: Wannan kam ta shige ni, Rukayya. Amma ni da za a bi tawa, sai yaro ya karanta shafi goma kafin ya taɓa kowane wasa.

Malama Rukayya: A nan zan saɓa miki, Hajiya, da girmamawa. In aka yi haka karatu ya zama harajin da ake biya a ƙofa. Yaro zai riƙe littafi yana juya shafi idonsa na kan agogo, wanda bai iya karatu ba kuma, shi da aka fi so ya shigo, kunya za ta hana shi dawowa. Sharaɗi ɗaya ya isa: sai da katin laburare. Sannan a kawo kanta ƙarama cikin ɗakin, littafi 40 zuwa 50, masu hoto, tatsuniyoyi, labarin 'yan ƙwallo, a juya fuskarsu waje, a riƙa canja su duk wata. Mai jiran layi hannunsa zai kai. Dokokin kowane wasa a rubuta su da Hausa a kati, sabon zuwa ya karanta wa tebur da ƙarfi.

Hajiya Asabe: Ban sauka gaba ɗaya ba. Uban da ya tambayi ɗansa me ka yi a laburare, ya ce dara, ba zai sake barinsa ba. Ko minti goma sha biyar na ƙarshe a ware, babba ya karanta musu labari, kowa ya fita da littafin aro. Kuma 'yan mata a ba su ranarsu daban da mace mai kula, in ba haka ba maza za su mamaye komai, iyaye kuma ba za su turo su ba.

Malama Rukayya: Karatu a ƙarshe, na yarda. Ranar mata ma haka.

Usman Mai Gyaran Gem: Gaisuwa ga iyayena da yayyena. In za a sayi na'ura, PlayStation 4, wato PS4 Slim, ta hannu ta fi dacewa da irin wannan wuri. PS5 tsada, ga cin wuta. Guda ɗaya tak, da pad 4, don PS4 na ɗaukar huɗu a lokaci guda. A yi ƙwallo biyu da biyu, a sa kowane rabi minti 4. Da zaɓen kulob da komai wasa zai ci wajen minti 12, a ba kowane rukuni minti 15. A awa biyu rukuni 8, kowa ya samu har da ragi. A kashe dokar nan ta gidan gem ta wanda ya ci ya zauna. Ita ke sa ƙwararre ɗaya ya riƙe pad tun farko har ƙarshe, ƙananan su koma 'yan kallo.

Wajen saye, kada a karɓi wadda aka yi wa kutse aka cika ta da wasanni. Na farko kayan sata ne, bai dace da laburare ba. Na biyu a cikinsu akwai na manya. A sayi faifai na asali, a duba lambar shekaru a jikin kwalin: 3, 7, 12, 16 ko 18. Ƙwallon FIFA, da aka koma kira EA Sports FC daga 2023, lambarta 3. Minecraft 7. GTA da Mortal Kombat 18 ne, kada su shigo ko da kyauta aka kawo. A cikin saitin na'urar akwai wurin iyakance shekaru, lambar sirrinsa ta asali 0000 ce, kuma duk yaron gidan gem ya san haka, a canja ta ranar farko. Kada a haɗa ta da intanet lokacin wasa, kada a sa katin banki. A wasan ƙwallon akwai sashen da ake sayen ƙunshin 'yan wasa ba ka san wanda zai fito ba, wanda hukumar Beljiyam ta ɗauki irinsa a matsayin caca tun 2018. Ustaz, ka ga abin ya biyo mu har cikin na'ura.

Abin da ke lalacewa, bi da bi. Pad ne farko. Sandar analog takan fara tafiya da kanta saboda ƙura da gumi sun shiga ƙarƙashinta, ko ta cinye. Digon sifirit na goge na'ura a gindinta, a jujjuya, yakan taimaka, in ya ƙi sai an canja ta. Sai bakin caji, yana karyewa idan yara na wasa da waya a jone suna fizga. A yi caji kafin zama, a cire wayar. Pad ɗaya na ajiya dole ne. A hana cin abinci a ɗakin, a ajiye buta da sabulu a ƙofa, man ƙuli-ƙuli da na awara ke sa maɓallai su maƙale.

Na biyu zafi. Kamfanin ya ce na'urar ta yi aiki tsakanin digiri 5 da 35, mu kuwa a Maris da Afrilu muna kai 40. In ka ji fankarta na kuka kamar injin markaɗe, ƙura ta toshe hanyar iska. A ajiye ta a fili, tazarar tafin hannu ta kowane gefe, ba cikin kabad ba. A rufe ta da yadi bayan ta huce. A kai a buɗe a share sau biyu a shekara, bayan hunturu da kafin a shiga hutun Agusta. Kyankyasai na son ɗumin cikinta, su ke ƙona sashen wuta, don haka kada ta kwana a ƙasa ko kusa da kwandon shara.

Na uku ɗaukewar wuta tana cikin aiki, wannan ke rikita ma'ajiyarta ta ƙi tashi daidai. In ya faru, a danne maɓallin kunnawa wajen daƙiƙa 7 har a ji ƙara ta biyu, a jona pad da waya, a zaɓi Rebuild Database. Ba ya goge wasanni.

Injiniya Bala: Usman ya kawo ni inda nake jira. Kada a jona ta kai tsaye da wutar gari ko ƙaramin janareta. Ga lissafin. PS4 Slim tana cikin wasa wajen wat 100, talabijin inci 32 wajen 45, fanka ta tsaye 55, ƙwai biyu 20. Jimla wat 220. A ce awa uku, wat 220 sau 3, wat-awa 660 ke nan. Inbata na cinye wajen kashi 15 cikin ɗari, a ce ana buƙatar 780 daga batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a takarda, amma irin na ruwa rabi kawai ake sha in ana so ya yi shekaru, 1,200 ke nan. Ya isa har da saura. Faranti ɗaya na sola mai wat 300, a ranar Bauchi, bayan an cire asara, zai ba da kimanin 1,000 a yini. Tunda zaman sau biyu ne a mako, batir zai cika kafin na gaba.

Inbata kilowat ɗaya ta wadatar, amma a tabbatar mai tsaftatacciyar wuta ce, irin da 'yan kasuwa ke kira piyo sayin. Mai arhar tana sa fanka gurnani, tana gajiyar da na'ura. Abin da ke kashe irin wannan haɗi abu uku ne: ba a duba ruwan batir duk wata, ƙurar hunturu ta rufe faranti ba a wanke ba, sai kuma maƙwabta da ma'aikata su mayar da soket ɗin wurin cajin waya da dafa ruwa. Hita ɗaya ta fi wat 1,000. A sa batir da inbata a akwatin ƙarfe mai ramukan iska, a kulle, soket biyu kawai a waje.

Malama Rukayya: Injiniya, da kuɗin PS4 da talabijin da pad biyar, ba gara tsofaffin laftof uku ko huɗu ba? Kowace ba ta wuce wat 30 zuwa 45 ba, ga batirinta a ciki. Akwai manhajoji na kyauta da ba sa buƙatar intanet. GCompris na da wasanni fiye da 100 na yara 'yan shekara 2 zuwa 10. TuxMath na lissafi, Tux Typing na koyon buga rubutu, Luanti na gine-gine irin na Minecraft, sai Scratch, inda yaro ke haɗa nasa wasan da kansa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yau akwai ɗaliban da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka riƙe linzamin kwamfuta. Ƙwallon PS ba ta koya wannan.

Usman Mai Gyaran Gem: Gaskiya ne, Anti, amma ɗan shekara 14 ba zai baro unguwarsu don TuxMath ba. Ƙwallon ce ke kiransa.

Koci Yakubu: Ku duka kuna da gaskiya, shi ya sa nake ganin a bi abin daki-daki. Wata uku na farko allo kawai: katakon Baba, ces 4, Scrabble 2. Kuɗinsa kaɗan ne, ba ya jiran wuta, kuma a nan za a gane ko akwai masu kula da za su jure. In an buɗe da talabijin ranar farko, babu yaron da zai kalli dara. Bayan nan laftof. PS ta zo ƙarshe, rana ɗaya a mako.

A riƙa rubuta abu uku a rajista: sabbin katuna nawa aka yanka, yara nawa suka dawo fiye da sau uku, littafi nawa masu katin nan suka ara. In bayan wata uku aro bai motsa ba, a gyara kantar da karatun ƙarshe kafin a kashe kuɗi a kan na'ura.

Gasa kuma kada a yi ta 'yar fitarwa, zagayen farko rabin yara sun zama 'yan kallo, su ne masu tayar da hayaniya. Kowa da kowa ma ba ta yiwuwa, yara 8 kaɗai wasa 28 ne. A bi tsarin Siwis: kowa na buga kowane zagaye, ci maki 1, canjaras rabi, bayan kowane zagaye a haɗa masu maki ɗaya, kada biyu su haɗu sau biyu. Yara 16 zagaye 4, yara 32 zagaye 5.

Game da tsoron kamu da gem, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka, jerin ya fara aiki a 2022. Alamominsa su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan komai, ya ci gaba duk da cutar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12. Minti 15 a mako gaban malami ba shi ke kawo wannan ba. Amma yaron da aka ga yana gudun makaranta yana zaman jiran a buɗe ɗakin, a kira mahaifinsa.

Baba Ɗanjuma Kafinta: Akwai abin da kuka tsallake, kuma shi zai fara haɗa faɗa. Dokar dara ba ɗaya ba ce ko'ina. Abin da kowa ya yarda da shi: ana zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya har 24 su ƙare, ba a jera uku lokacin zubi, tafiya gida ɗaya ce gaba ko baya ko gefe, ban da karkace, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa ɗaya, jeri huɗu ba ci ba ne, wanda ya rage da biyu an cinye shi. Inda ake saɓawa shi ne ko ana ɗaukar ɗa daga cikin ukun da abokin wasa ya riga ya jera. Wasu sun hana, wasu sun bari. Haka daraf: wanda ya ga ci ya ƙi ci, wasu na tilasta masa ya koma ya ci, wasu na ɗauke ɗan nasa. Yaron Azare da yaron Dass za su zauna tebur ɗaya kowa da dokar gidansu.

Malam Garba: To Baba, wacce za a rubuta a katin?

Baba Ɗanjuma Kafinta: A dara a hana taɓa jerarrun uku, wasa ya fi tsawo, ƙaramin yaro ba ya saurin karaya. A daraf a tilasta ci, kada a ɗauke ɗa, don ɗaukewar ke sa yaro ya yi shiru yana addu'ar abokinsa ya manta. A samo dattawa biyu daga majalisar dara ta unguwar su zo zaman farko su nuna, a karanta musu katin su ji. In sun ce a canja wani abu, a canja tun ba a manna shi a bango ba.

Malam Garba: Madalla. Zan tura wa kwamitin ma'aunin katako da lissafin wuta yau. Ustaz, a taimaka da rubutun takardar iyaye kafin Alhamis. Malama Rukayya, ke kuma katin dokokin Scrabble.

Ustaz Auwal: In sha Allahu. A bar gurbin sa hannu biyu, na uba da na uwa, da layin lambar wayar wanda za a kira in yaro bai koma gida kan lokaci ba.